Bis Marar Kai a Injin Hajiya Zara

Bari in fara da tona wa kaina asiri, don ni ne sakaran labarin nan. Ban yi lakwal ba, wato boko, amma shekara talatin ina gyaran injin niƙa a unguwar Zango ta Zinder, har nake ganin babu mai koya mini komai. To wallahi abin da zan faɗa muku ya faru, shekara tara ke nan, da rana tsaka.

Hajiya Zara ta garin Droum ta aiko mini, injin da mijinta ya mutu ya bar mata ya ƙi niƙa, puli, wato faifan ƙarfen da bel ke ja, na juyawa a banza kan sandarsa. Abin da ke riƙe puli kuwa wani ɗan mitsitsin bis ne, wato sukuru, marar kai, baƙi, mai tauri, bakinsa da kaifi don ya ciji ƙarfe, kuma sai ka goge wa sandar ɗan fili da magagari inda zai zauna. Na sani sarai. Sai dai na mance gwangwaninsu a gida, ga rana, ga mata sun yi layi da geron biki, sai na sami wani noti mai laushi na yanke masa kai, na tsaga, na murɗa shi kan sandar a mulmule yadda take. Na san ba zai wuce kwana uku ba, kuma in pulin nan ya ƙwace, Hajiya ce ke tsaye dab da shi tana zuba hatsi. Amma na buga ƙirji na ce mata, "Shekara goma, Hajiya!"

Ina wanke hannu a bayan ɗakin injin sai ga wani tsoho, rigarsa duk gari, hannunsa na dama yatsa uku. Ko sallama babu.

"Kai ne mai gyaran?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Tir! Uban wa ya koya maka ɗaure puli da ƙarfen banza? Ka goge sandar? So kake ka fasa mata kai?"

Jama'a, ni da furfurata! Raina ya ɓaci, na ce in ya iya ya je ya yi mana, muna ta sa-in-sa har matan suka leƙo. Wata ta ce, "Kai Malam, da wa kake faɗa?" Na waiwaya in nuna shi, babu kowa, sai bango. Suka kwashe da dariya, wai rana ta taɓa ni. Har yau in na tuna dariyar nan sai in ji haushi.

Na hau moto, babur ɗina, na koma Zinder ina ta masifa ni kaɗai. Washegari na sa hannu a aljihu zan ciro goro, me zan taɓo? Notin nan da na yanke, da tsagata a kansa, da ɗumi kamar yanzu aka cire shi. Innalillahi! Na ɗauki gwangwanina na koma Droum a guje.

Hajiya ta kwance makulli daga bakin zanenta ta buɗe ɗakin, ta ce tun da ta rufe jiya ba wanda ya shiga. Na leƙa ramin puli, sai ga baƙin bis irin na da, wanda ba a samu yanzu, ya zauna daram, an goge sandar, garin ƙarfen na sheƙi a ƙasa. Na sa kile, abin murɗa bis, da duk ƙarfina, ko motsi bai yi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, aikin ya fi nawa kyau.

Ku masu gyara, ku ji: ku nemi bis mai tauri, ku goge masa wurin zama. Ƙanƙantarsa kada ta ruɗe ku, ba ku san wa ke duba aikinku ba.

Ina haɗa kaya, Hajiya ta dube ni ta ce, "Marigayi dama bakinsa ba daɗi, tun da inji ya cinye masa yatsu biyu. Bai dai zage ka da yawa ba ko?"