Igiyar da Na Kai wa Honarabul a Sabon Tasha

Mun bar ƙauye da asuba, mu biyu, ni da wani dattijon cocinmu da aka haɗa ni da shi don ya ƙara wa tafiyar nauyi. A jakata akwai takardar koke mai ɗauke da dangwalen yatsun magidanta, da kwalbar zuma, da ƙullin citta, sai wata doguwar igiya da aka naɗe aka ɗaure tamau. Igiyar nan sai na yi muku bayaninta, don kada ku ce hedimasta ya fara taɓuwa.

Ni ne hedimastan firamaren ƙauyenmu. Makarantar tana bakin hanyar mota, gari kuwa yana ƙetaren rafi. Da rani akuya ma tsallake rafin nan take yi. Da zarar damina ta sauka sai rabin ɗalibaina su zauna a gida, ni kaina in tuɓe takalmi in ɗora littattafai a ka. Bara saura ƙiris ruwa ya tafi da wata yarinya 'yar aji uku. Gada muke so, kuma muna son a fara ta kafin ruwan bana.

A zamanin soja, wani kantoma ya taɓa zuwa garinmu, dattawa suka roƙe shi rijiya. Suka auna zurfin da suke so da igiya, ya karɓa ya jefa wa ɗan kwangila, kafin wata ya ƙare muna shan ruwa. To yanzu da soja suka koma bariki, muka zaɓi namu ya tafi majalisar jiha, sai dattawan suka ce ai abu ya zo da sauƙi. Suka auna faɗin rafi daga gaɓa zuwa gaɓa, suka ƙulla igiyar a inda ta tsaya, suka ce in kai wa Honarabul. Ni aka zaɓa saboda tare muka yi kwalejin horon malamai da shi, kuma ni na bi gida-gida ina rantse wa mutane cewa in ya ci za a yi gada.

Acaɓa ya fitar da mu babban titi, muka hau bas. Shingayen soja da muka saba sauka mu ɗaga hannu sama duk an kwashe, sai gangunan da aka ture gefen hanya ciyawa ta fara cin su. Kuɗin mota dai bai san an canja gwamnati ba, naira hamsin aka ƙara a kan yadda na sani. Wata mata a bayana ta ce wa kwandasta wannan ce dimokuraɗiyyar? Ya ce ta tambayi gidan mai.

A Gonin Gora, mashigar garin Kaduna, doya ce jibge a bakin titi, ga masu burodi da gyaɗa suna bin tagogi da gudu. Nan abokin tafiyata ya tuna yana da 'ya mai aure a unguwar. Ya ce, "Hedimasta, yi gaba, minti goma ina bayanka." Ya sauka da ƙullin cittar, wai don ya rage mini kaya. Ban ƙara sa shi a ido ba har na bar Kaduna.

Na canja mota, na isa Sabon Tasha da hantsi. Ban taɓa ganin coci a jere da yawa haka ba, kowace da lasifikarta, ga kasuwa ta cinye rabin titi. A cikin bas ɗaya na ji yaren garinmu, na ji na mutanen Filato da na Binuwai, ana haɗa su da Hausa da Turancin buroka. Mutane ko'ina, amma babu wanda ya san ni. A gida ba na tafiyar taku goma ba a gaishe ni ba, nan kuwa sai da mai baro ya daka mini tsawa in ba shi hanya.

Gidan Honarabul ba shi da wuyar samu, layin mutane ne ya nuna mini shi. Bai koma ƙetaren kogin Kaduna inda manya suke ba, yana nan a gidan hayar da yake tun yana aiki a masaƙa. Tarihinsa ke nan a taƙaice: ya yi koyarwa kaɗan, ya bari ya shiga masaƙa, ma'aikata suka ɗora shi sakataren ƙungiyarsu saboda bakinsa ba ya mutuwa, da aka buga gangar siyasa mutanenmu na birni suka ce ya dawo gida ya tsaya. Na zauna a benci tsakanin mai neman aiki wa ɗansa da mai riƙe da katin asibiti. Sai bayan azahar aka kai kaina.

Ya rame. Ya rungume ni yana cewa, "Hedimasta, har yanzu rigar nan ta bikin yaye mu ce?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ita ce, ai ba a zaɓe ta ba balle ta canja." Na ba shi zuma, na ba shi takarda, sannan na kwance igiya na shimfiɗa masa a tsakar ɗaki, na isar da saƙon dattawa yadda aka ba ni. Ya yi dariya har da hawaye.

Ya ce, "Mutumina, ni ba kantoma ba ne. Ba ni da ɗan kwangilar da zan jefa wa igiya. Baki kawai nake da shi."

Ya buɗe wani akwatin ƙarfe ya nuna mini aikinsa. Takardu ne da ya rubuta da hannunsa kafin a buga masa su a shago: ƙuduri a kan horar da ungozomomin ƙauye, wani a kan rufin azuzuwan da iska ta yaye, wani a kan ma'aikatan da masaƙu suke sallama. Biyu sun wuce, sauran suna kwance. Ya bayyana mini cewa in ya tashi ya karanta ƙuduri, dole sai wani ɗan majalisa ya miƙe ya mara masa baya, in ba haka ba ko muhawara ba za a yi ba. Shi kuma jam'iyyarsa 'yan tsiraru ne a zauren. Maganar gadarmu ya rubuta ta tun da jimawa, ga shi an sa ta gobe, kuma wani ya yi masa alkawarin mara baya. Ya ce tun da ya hau kujerar nan kullum ƙofarsa cike take, amma ni ne na farko da ya zauna ya karanta takardun nan. Na ji tausayinsa ƙwarai.

Washegari da safe ya ce in shirya mu tafi tare, akwai benen 'yan kallo inda kowa ke da ikon zama. Nan na yi abin da har yanzu nake jin kunyarsa. Na ce kaina na ciwo. Gaskiyar magana tsoro ne. Na girma ina ganin ginin gwamnati wuri ne da talaka ke bi ta nesa da shi, in ka matsa a sa ka tsallen kwaɗo a rana. Ga rigata da ya riga ya yi wa dariya. Na ce a raina ai na kawo saƙo, sauran nasa ne. Ya dube ni, bai matsa ba, ya ɗauki igiyar ya sa a jakarsa ya fita.

Yinin nan ya yi mini tsawo. Masu layi suka watse da suka ji ya fita, gidan ya yi tsit. Madam, matarsa, ta kawo mini faten acca da ya ji yakuwa, ta ce, "Malam, ci ka ƙoshi, shi in ya dawo daga can ba ya iya cin komai." Na fita na zaga kasuwa ba don ina sayen wani abu ba. Na tsaya a inuwar wata coci ina jin mata suna koyon waƙar da muke yi a gida, na ji kamar in shiga in zauna a baya, na fasa. Na sayi alli kwali biyu, don ya fi na garinmu araha, na dawo na zauna a bencin jiya ni kaɗai.

Da la'asar ya dawo. Tun daga yadda ya rufe ƙofar mota na gane. Ya ce ya tashi, ya karanta, har ya ɗaga igiyar aka yi dariya. Kakakin majalisa ya tambaya wa zai mara baya. Wanda ya yi alkawarin ya ɗaga kai ya dubi benen 'yan kallo, ya ga babu kowa, ya sunkuya yana gyara takardunsa. Shi ke nan aka wuce zuwa batu na gaba. Majalisa za ta tafi hutu, sai an dawo zai iya sake gabatarwa, lokacin kuwa damina ta yi nisa.

Ya ce, "Da ya ga ko mutum ɗaya a sama yana kallonsa, da kunya ta miƙar da shi." Bai ce ni ne ba.

Na kama hanya washegari da hantsi. Tun daga Gonin Gora hadari ya haɗu, kafin mu yi rabin hanya ruwa ya tsuge, ruwan farko na bana, kuma bai zo da wasa ba. A cikin bas ɗin na yi ta jujjuya abin da tafiyar nan ta koya mini. Mun yi zaɓe, amma a zuciyarmu kantoma muka naɗa, muka koma gida muna jira. Ashe shi wanda muka tura mutum ɗaya ne a cikin ɗaki cike da mutane, in ya waiga bai ga nasa ba, su ma sauran sun ga haka. Na kuma lura cewa ƙarya tana nan kusa da bakina: in ce wa dattawa Honarabul ya ci zuma ya manta da mu. Da kowa ya yarda, don abin da ake faɗa a kan 'yan siyasa ke nan.

Acaɓa ya sauke ni a gaban makaranta da yamma. Rafi ya cika ya yi ja, yana tafe da karare. A wancan gefen dattawa na tsaye, ga abokin tafiyata a cikinsu, ashe ya riga ni dawowa, ga mahaifiyar yarinyar nan ta bara ta riƙe hannun 'yarta. Mai unguwa ya haɗa tafukansa a baki ya ɗaga murya.

"Hedimasta! Yaushe za a fara?"

Na ce, "Ba bana ba, Baba!"

"Ya ƙi ne?"

"Bai ƙi ba! Ya tashi ya yi magana! Ya ce in je in tsaya masa, ni ne ban je ba!"

Suka ɗan tsaya, sannan suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya suna komawa cikin gari. Matar nan ce ta ƙarshe, ta daɗe tana kallona kafin ta ja 'yarta. Na zauna a kan dutse na kwance takalmina, ina jiran ruwa ya janye.