Ranar da Na Ɗaure wa Baba Hannu

Mahaifina mahauci ne a kasuwar Dogon Dutsi, amma ba da nama aka san shi ba, da dambe aka san shi. Ƙato ne na gaske, in zai shiga zaure sai ya sunkuya. Daga Ɗan Kassari har ƙetaren iyaka, duk inda aka share fage bayan girbi sai an aiko an ɗauke shi. Abin da ya samu kuwa ba ya kwana a hannunsa. Raguna, riguna, har keke, kafin ya iso gida ya rabar wa makaɗa. Inna takan ce mu a gidan nan suna muke ci.

Ya bar dambe tun kansa bai gama furfura ba, sai dai damben bai bar shi ba. Hannun daman nan da ya zubar da maza shi ya fara rawa. Wuƙa ta gagare shi riƙewa, teburin naman ya koma hannun wani. Ido ɗaya ya dushe, mantuwa ta biyo baya. Na ɗora shi a kabu-kabuna, babur ɗin hayar da nake ciyar da gidan da shi, na kai shi asibiti. Likita ya ce jininsa ya hau, kuma duk bugun da ya same shi a ka, ko na wasa ne, zai iya zama na ƙarshe. Baba ya yi dariya, ya tambayi likitan ko ya taɓa kallon dambe.

Kowane ɗan dambe da takensa, kiɗan da makaɗi ya yanka masa shi kaɗai, kuma take ba ya tsufa. In tsohon ɗan dambe yana bakin fage aka buga takensa, ko dai ya miƙe ya ɗaga hannu ya yi wa makaɗi kyauta ya zauna da girmansa, ko ya shiga fage. Wanda ya ji takensa ya ci gaba da zama, gara a ce ya mutu. Saboda haka duk kaka sai wani abu ya bar gidanmu. Babbar rigarsa ta Salla ta tafi, rediyo ya bi ta, akuyar Inna ma ta tafi, Inna ta yi kuka har ta gaji. Kuɗin maganin da nake ba shi ma na gane a bakin kalangu suke ƙarewa.

Abokaina 'yan kasuwa suka ce kiɗa haramun ne, in hana shi zuwa. Da baki kowa ya iya hana ƙato. Ni dai haushin makaɗin da yake buga masa taken nan ya kawo mini wuya, na tafi Kore Mairuwa na same shi a ƙofar gidansa yana gyara fatar kalangu. Tsoho ne shi ma, tare suka yi zamani da Baba.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baba, don Allah in kun gan shi bakin hwage, ku bar takenai. Babu abin da yar rage mai.”

Ya dube ni ya ce, “Ɗana, so kake in gan shi zamne in wuce awa ban san shi ba? Wanga shi ne bizne mutum da rai. Ni ba ni iyawa.”

Na hau babur na dawo.

Ranar damben kaka na Kore Mairuwa na ce ba zan kai shi ba. Ina fita aiki ya tafi tasha, wani direban motar kasuwa da ya san shi ya ɗauke shi kyauta. Inna ce ta aiko aka gaya mini. Na isa Kore Mairuwa bayan la'asar, fage ya cika, na same shi zaune a sahun gaba da 'yar shara da ta koɗe, aljihunsa babu ko sisi. Ina ƙoƙarin lallashinsa mu tafi, kalangu ya juya.

Na san taken nan tun ina goye. Jama'a suka ɗauki ihu. Baba ya miƙe tsaye, ya laluba aljihu, ya laluba ɗayan. Sai ya tuɓe rigar, ya zaro tsumma da zaren da 'yan dambe suke naɗe hannu da su, ashe suna ɗaure a ƙugunsa tun daga gida. Ya fara naɗawa, hannun yana rawa, zaren yana zamewa. Ya miƙo mini.

“Ɗamre mani.”

“Baba, likita ya ce…”

“Ɗamre mani, mutane na kallo.”

Suna kallo kuwa. In na ƙi, na kayar da shi da hannuna a gaban duk Arewa. In na ɗaure, ni na tura shi. Na ɗaure, sako-sako, idona cike da hawaye, tsoro kamar ya kashe ni.

Ya shiga tsakiyar fage, ya ware ƙafa, ya miƙa hannun hagu, ya ja na dama baya. Wallahi tsayuwar tana nan yadda take. Samarin 'yan dambe suna gefe, ƙarti masu jini a jika, kowa ya sunkuyar da kai. Makaɗi ya ƙara wuta, maroƙi ya wage baki yana neman namiji, babu wanda ya motsa. Hannun da na ɗaure yana ta kaɗawa a bayansa, zaren ya kwance ya sauka har ƙasa. Ihun ya mutu. Can sai wani ya jefa kuɗi a gabansa, wani ya biyo, aka yi ta jefawa. Ba irin jifan da ake yi wa gwani ba ne, irin wanda ake yi a ƙofar masallaci ne, kuma kowa a wurin ya san bambancin.

Na shiga na kama shi na fito da shi. Maroƙi ya tattara kuɗin ya danƙa mini, sun isa maganin wata da watanni. Baba ko kallonsu bai yi ba, ya nuna makaɗi da haɓa. Na kai masa.

A hanyar gida yana bayana a babur, hannun yana rawa a cikina. Na ce, “Baba, tsoronka sunka ji.”

Ya ce, “Na san tsoro, na sha ganinai ga idon maza. Wanga tausai ne.”

Muka yi ta tafiya har dutsen garinmu ya bayyana. Sai ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, “Baɗi ka ɗamre shi da ƙarhi.”

Yanzu wani lokaci sai ya kira ni da sunan ƙanensa da ya rasu, wani lokaci ya manta ko ya ci abinci. Zaren nan dai bai manta da shi ba, yana ƙarƙashin matashinsa. Ga shi gero ya fara fitar da kai.