Hawainiyar da Ta Kayar da Baba Ƙararrawa

Baba Ƙararrawa masinja ne tun kansa na baƙi, har ofishin ya gaji da shi ya sallame shi da agogon bango da tafi. Keken aiki dai bai mayar ba, su ma ba su nema ba, don ko ɓarawo ya ga keken nan sai ya tausaya. Sirdi ɗaure da tsumma, birki sai an haɗa da ƙafa. Ƙararrawar ce kaɗai mai lafiya, ita ce ma ta ba shi suna.

Kullum da hantsi yana bencin mai faci yana ba da labarin da. Inda gidan mai yake yanzu, wai nan ya yi tsere da barewa. Ƙarƙashin gadar sama kuwa kura ta taɓa tare shi, ya kaɗa mata ƙararrawa ta ba shi hanya har da rusunawa. Duk shekara kurar ƙara girma take yi.

'Yarsa, wadda ke aikin jinya, ta gaji da wanke masa gwiwa. Ta ce, "Baba, ka sake faɗuwa, keken nan ya bar hannunka."

"Uwata, ni da keke tun ba a haifi uwarki ba."

"Shi ya sa."

To, mutumin naku ya ji tsoro. Ya koma tura keken a babban titi kamar mai rakiyar mara lafiya, sai ya shigo layinsu ya ɗare, ya miƙe wuya, don maƙwabta su shaida.

Ran nan ya ɗare ke nan, daidai shingen furannin banki, sai ga hawainiya a tsakiyar hanya, tana ɗaga ƙafa tana shawara kafin ta sauke. Rabonsa da ganin naman daji a garin nan, in ka cire ɓeran kwata, har ya manta. Ya kaɗa mata ƙararrawa. Ita kuwa ba ta san shi ba. Ya kauce don kada ya taka ta, sai ga tsoho a cikin lambatu, ƙafafu sama.

Da 'yar ta zo tana goge masa goshi da auduga, ya ce, "Wallahi ba ƙafata ba ce. Hawainiya ce ta gitta."

Mai faci da ya rako shi ya ce, "Baba, ba dai kurar ce ta rame ba?"

"Koriya shar, na rantse! Har ta juyo ido ɗaya ta dube ni."

'Yar ta ɗaga masa fatar ido ta leƙa. "Hawainiya a gaban banki. Ashe har idon ya fara." Ranar da bakinsa ya faɗi gaskiya, ranar aka rasa mai saye. Kafin la'asar ta sa an ɗora keken a bayan mota, ta kai gidanta ta kulle.

Yanzu da sanda yake fita. Ya daina zama a benci, sai gindin shingen nan, yana buɗa ganye ɗaya bayan ɗaya, yana neman mai shaidarsa. Mai gadin banki ya kore shi har ya gaji, ya kawo masa kujera.