Zuwa Buji da direba mai gyangyaɗi

Mun tashi daga unguwar Yalwawa a Dutse ana idar da sallar asuba, mu uku a tsohuwar fijon ofis: ni, da wata nas 'yar Filato da muke aiki tare, sai direbanmu, dattijo mai jiki wanda kowa ke ce wa Baba. An tura mu ƙaramin asibitin Buji da wata sabuwar takarda ta tambayar marasa lafiya yadda suke barci. A raina na ce, mutanen da zazzaɓi ya sa a gaba, ina ruwansu da minshari?

Tun da aka fara shari'ar Musulunci mata suka koma kujerar baya, don haka nas ta baje abinta, ni ina gaba. Gidajen mai a bushe suke, sai wajen 'yan bumburutu muka sha galan biyu. Muka sayi ƙosai mai zafi muka kama hanya. Gero ya fitar da kai dama da hagu, shanu na tsallaka titi ba sa ko kallonmu.

Mun wuce Birnin Kudu kaɗan sai na ji tayoyi suna tauna tsakuwar gefen titi. Baba ya fizgo sitiyari, ya ce rami ya kauce wa. Na waiwaya, ban ga rami ba. Ya jefa goro a baki, na uku ke nan tun fitowarmu. Daga nan zama ya gagare ni, ido ɗaya a titi, ɗaya a fuskarsa.

Asibitin ɗaki biyu ne. Maza suna ƙarƙashin darbejiya, mata a baranda. Na fara karanto tambayoyi: kana minshari? Numfashinka na yankewa cikin barci? Kana tashi da ciwon kai? Barci na sace ka da rana kana zaune? Kowa ya ce a'a. Wani dattijo Bafulatani ya dube ni da tausayi ya ce, "Ɗana, mai barci ta ina zai san abin da yake yi?"

Na ji kunya, don gaskiya ya faɗa. Sai muka sauya dabara, nas ta riƙa tambayar matan labarin mazajensu. Nan fa baranda ta kaure da dariya. Amma wata ba ta yi dariya ba. Ta ce maigidanta yana cikin minshari sai ya yi ɗif, sai ta taɓa shi yake jawo numfashi. Na duba katinsa, hawan jini ne da ya ƙi jin magani. Muka rubuta masa takardar zuwa babban asibiti a Dutse.

Bayan azahar aka kawo mana dambu da fura mai sanyi. Na fita kiran Baba, na tarar da shi a benci kusa da taga, goro a hannu, yana minshari. Ina tsaye minsharin ya yanke. Ƙirjinsa na motsi, iska ba ta shiga. Can ya ja wani dogon numfashi ya farka, ya ce ai idonsa biyu. Nas tana bayana. Jakarta kawai ta ƙanƙame.

Ni ban iya tuƙi ba, ita ma haka, kuma babu wata motar. Da muka juyo sai na dame shi da hira don kada ya lumshe ido. Labarin damina ya ƙare, na siyasa ya ƙare, sai na tsinci kaina ina yi masa tambayoyin takarda kamar wasa. Ciwon kai da safe? E. Iyali na ƙorafin minshari? Sai ya rage gudu.

"Malam, tun safe nake jin tambayoyin nan ta taga," in ji shi. "Duk ina da su. Shekara biyu ta rage min in yi ritaya. Don Allah kada ka rubuta."

Na ce, "Baba, ranar Litinin kai za ka kai masu rigakafi ƙauyuka. Mutum shida."

Har muka hango duwatsun Dutse, ƙafata sai taka birkin da babu take yi.

Mun shigo gari kafin magariba, ya sauke nas a Limawa, ya kai ni ƙofar gida. Na yi masa godiya, ya ce ba komai.

Abin da tafiyar nan ta koya min shi ne yin tambaya ba wuya, sai an ba ka amsa nauyin yake hawa kanka. Washegari na rubuta masa takardar ganin likita, na kuma faɗa wa shugabanmu. An karɓe makullin mota, an mayar da shi gadin gareji har a ga sakamako. Masu rigakafi sun je sun dawo lafiya da wani direban. Har gobe ina ganin daidai na yi, amma raina bai yi min daɗi ba. Kullum da safe in na wuce gareji ina gaishe da Baba, shi kuwa sai ya duƙa yana gyara takalminsa har in wuce.