Gwangwanin Allurar Goggo Wagiha

Da sunanta aka fara tsorata ni. Ina ƙarama, in na ƙi shan miyar lalo, sai mahaifiyata ta leƙa ƙofa ta ɗaga murya, "Ku kira min Wagiha da allurarta!" Nan take zan sunkuya in suɗe kwanon. Sai da na yi wayo na gane Wagihar nan ƙanwar mahaifina ce, kuma duk ƙauyenmu babu wanda allurar ta hana wa sukuni kamar ita.

Aikinta a asibitin gunduma taimaka wa nas-nas ne. Ta canza zanin gado, ta yi wa tsofaffi wanka, ta danne yaro a yi masa allura. Can ba wanda ya taɓa miƙa mata sirinji. Amma da ta sauko daga motar Sohag da farar rigarta, ta zama likitar gari. Mutanenmu ba su yarda da ƙwaya ba, in ba a soka maka ƙarfe ba, ba a yi maka magani ba. Mutum ya sayo kwalba a kantin magani, ya haɗo da ƙwai ko 'yan shila, ya yi sallama a ƙofarmu. Ita da ido ta koya, ga hannu ba nauyi. Kayan aikinta na cikin wani tsohon gwangwanin alewa.

Wata rana lokacin yankan rake, bayan azahar, maƙwabcinmu Shahhat ya zo. Maƙogwaron matarsa Sabriyya ya kumbura.

"Sitt Wagiha, bakin nan da ba ya shiru yau ya mutu," in ji shi. "Gidan ya yi min daɗi, amma dai zo ki taimaka."

Wagiha ta sha ganin nas-nas suna sa ɗigon irin wannan maganin a ƙarƙashin fatar hannu su jira, kafin su yi allurar. Ta ce bari ta fara da haka.

"Ɗigo? Kwalba guda na saya! Ko sauran gida za ki kai?" in ji Shahhat.

Matan da ke ɗakin suka kwashe da dariya. Kunya ta kama Wagiha, ta zuƙe kwalbar ta zuba duka.

Ba ta gama rufe gwangwanin ba Sabriyya ta fara susa. Leɓɓanta suka haye, numfashinta ya koma kamar ana hura usur. Aka jefa ta cikin keke mai ƙafa uku, kanta a cinyar Wagiha, ga motocin rake sun cushe hanya. Sabriyya ta ƙura mata ido tana jiran likitar gari ta yi wani abu. Wagiha kuwa ko sunan abin da ke faruwa ba ta sani ba.

Abla Demiana, shugabar nas-nas, ita ta tarye su a guje a ƙofar asibiti, Allah ya sa da sauran kwana. Da ƙura ta lafa ta ja Wagiha ɗakin ajiyar barguna.

"Kin yi gwaji?"

Wagiha ta girgiza kai.

"Kin ma san me ake gwadawa?"

"A'a, Abla. Na ɗauka tsarin asibiti ne kawai."

"To yau saura ƙiris tsarin ya sa ki wankan gawa. Ko ki bar allura, ko ki je ki koya. Mutanen garinku kuwa ba za su bari ki bari ba."

Hanya biyu ce a gabanta. Akwai wata cibiya a kasuwar gunduma, saman shagon takalma, 'yan watanni a ba ka takarda, ba barin gida, ba barin aiki. Akwai kuma makarantar jinya ta gwamnati a Asyut: shekaru, ɗakin kwanan ɗalibai, jarrabawa da Turancin da ta manta tun sakandare, in an gama gwamnati ta tura ka inda ta ga dama. Ko jirgin ƙasa Wagiha ba ta taɓa shiga ita kaɗai ba.

"Da girmanki ki zauna cikin 'yan mata suna ce miki inna?" in ji mahaifina. "In kika faɗi fa, da wace fuska za ki dawo? Ki karɓi ta kasuwa, takarda ai takarda ce."

"Yaya, tsoron faɗuwar nake ji."

"To?"

"Idon Sabriyya ya fi ba ni tsoro."

Duk da haka ta hau benen kasuwar. Mai wurin ya nuna mata takardar, gefenta ruwan zinare. Ta tambaye shi abu ɗaya: in ka yi wa mutum allura ya fara kumbura, me za ka yi?

"Haba 'yar'uwa, ki faɗi alheri! Sai a kai shi asibiti mana."

Ta juya ta sauko. Satin nan ta roƙi Abla Demiana ta nuna mata yadda ake neman shiga Asyut.

Yanzu nas ce a sashen yara, kuma iyaye na ƙorafin ta cika jira da duba fatar hannu. Gwangwanin yana wurina har yau, ba ta sake tambayarsa ba. Ranar da za ta tafi ta kira ni bayan tanderu, ta danna min shi a ƙirji.

"Duk hutu zan dawo, kuma mutanen gari za su zo," in ji ta. "Za su yi kuka, za su ce karatu ya sa ni girman kai. Na san kaina, ba na iya cewa a'a. Ki ɓoye shi inda ban sani ba. Ko na roƙe ki, ko na zage ki, ko na haɗa ki da Allah, kada ki ba ni sai na gama."