Hannun Hagu a Tebur na Tara

Gwajin wata uku suka ba ni a wani babban otal da ke tsakiyar Washington. In na ci, aikin kai abinci ya zama nawa. In na faɗi, in koma ƙasa wankin kwanuka, inda na riga na shekara shida. Kullum da safe a jirgin ƙasa daga Silver Spring ba na iya zama. A tsaye nake tafiya, ina riƙe da ƙarfe, ina maimaita sunayen abinci a zuci, don lokacin ban daɗe da shiga ajin koyon karatu na manya ba, takardar abincin ta fi ƙarfina.

Haddar ba ta dame ni ba. Hannu ne ya dame ni. Dokar gidan ita ce ka zo wa baƙo ta hagunsa, ka ajiye masa faranti da hannun hagu, don kada gwiwar hannunka ta tokare masa fuska. Ni kuwa tun ina ƙarami an sha buge min hannu a kan miƙa abu da hagu. A gida nakan gwada da farantin da babu komai, matata tana kallona.

"Maigida," in ji ta, "ranar da ka miƙo min tuwo haka, kai za ka ci abinka."

Da Turawa na fara sabawa, a hankali. Sai ranar da shugabarmu ta tsaya jikin ginshiƙi da takarda tana auna aikina, aka zaunar da wani dattijo a tebur na tara tare da wasu likitoci. Na ji yana amsa waya da Hausar Kano. Ya kai sa'an mahaifina.

Na ɗauko kifinsa. Daga ƙofar kicin zuwa teburin ba nisa, amma sau uku ina sauya farantin daga wannan hannu zuwa wancan. Da na isa na tsaya ta hagunsa, na rusuna, na ajiye da dama. Gwiwar hannuna ta bugi tabaraunsa, ya karkace.

"Yi haƙuri, Baba," na ce ƙasa-ƙasa. "Na kasa ba ka da hagu."

Ya gyara tabarau ya dube ni. "Ashe namu ne. Malam, shekara talatin ana ba ni da hagu a ƙasar nan, ban mutu ba. Kai ka zo da dama za ka cire min ido."

Na so in yi dariya, sai na hango alƙalamin shugabar yana tafiya.

Bayan an tashi ta miƙo min takardar a ninke. Na ji kunyar ba abokan aiki su karanta min. A jirgi na buɗe, ina bin haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, har na wuce tasharmu ban sani ba. Abin da na iya tsinta shi ne "wata ɗaya". Ban san ko na kora ba ne ko na ƙari. Kwana biyu takardar tana aljihuna, ina ciro ta ina mayarwa, kafin na nuna wa malamar ajinmu, ta ce an ƙara min wata guda ne na gwaji.

A watan nan na samo dabarata. Ina ajiye faranti da hagu, amma yatsun damana suna tallafe da wuyan hannun, yadda ake miƙa wa babba abu da hannu biyu. Shugabar ta gani, ta ɗan tsaya, ba ta rubuta komai ba. Aikin ya zama nawa.

Har yau, in na ji Hausa a wani tebur, sai na tsaya a ƙofar kicin na sake duba hannun da farantin yake.