Faifan da ya sha tofi

A matsayina na manajan sabuwar ƙungiyar mawaƙan unguwar Al Quoz ta Dubai, ina sanar da duniya faifanmu na farko ya fito: rap, ihu, da jita mai ƙarar injin markaɗe.

Jiya Nura, mai jitar, ya kunna wa kawunsa da ya kawo shi Dubai, don ya sa albarka. Minti ɗaya kawu ya dafa kan Nura ya hau tofi.

"Kawu, waƙa ce fa."

"Yi shiru, ɗana. Da wanda ya hau ka nake magana."

Albarka ba ta samu ba, sai rubutun sha na kwana bakwai.

Af, ni ba manaja ba ne, Habu ne, abokin ɗakin Nura, kuma ni aka ba aikin rubutun. Jama'a, allo nawa ke sauke aljanin jita?